Kada A Raba Yara Da Littattafan Hikaya

Akwai wata magana da ake yawan ji a gidajenmu, musamman idan lokacin jarrabawa ya ƙarato. Uba ko uwa za su tarar da yaro ya duƙufa a kan wani littafi, har an yi ta kiransa bai ji ba. Da an duba aka ga ba na makaranta ba ne, sai a fizge a ce masa, "Ajiye wannan littafin ƙarya, ka ɗauki abin da zai amfane ka." Wani lokaci ma ba a tsayawa nan, idan aka ga hoton dodo ko na kumbon 'yan sama jannati a bango, sai littafi ya ƙare a murhu. Iyayen da ke yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce da tsoron kada ɗa ya lalace. Duk da haka ina so in yi amfani da wannan fili in ce, cikin ladabi, wannan hukunci yana jawo hasarar da ta fi wadda ake gudu.

Ni dai na soma karanta irin waɗannan littattafai tun ina firamare, yanzu kuwa furfura ta cika kai, amma har yau ban sami abin da ya kai su ɗebe mini kewa ba. Iri uku ne na fi jin daɗinsu. Akwai ƙagaggun labaran kimiyya, watau waɗanda marubuci yakan ɗauki wani ilmi ko wata na'ura ya yi hasashen inda za ta kai mutane. Akwai labaran almara, masu dodanni da dabbobi masu magana da ƙasashen da babu su a taswira. Sa'an nan akwai tsofaffin littattafan hikaya, waɗanda suka haura shekara ɗari ana karantawa ba su daina tashe ba. Laifi uku ake ɗora musu: wai ƙarya ne, wai akwai tsafi a ciki, wai kuma ɓata lokaci ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, batun ƙarya. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba domin ya gaskata ka cuce shi. Mai ƙaga labari kuwa tun daga bango ya sanar da kai cewa ƙage ne, kai da shi kun yi yarjejeniya. Lokacin da kakanninmu suke tara mu da dare suna ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, babu wanda ya taɓa kiransu maƙaryata, kuma babu yaron da ya tashi da safe yana neman gidan Gizo. Abin da muka tashi da shi shi ne sanin cewa wayo ya kan ci ubangijinsa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki ma sun san haka. A littafin Sama'ila na biyu, sura 12, da annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda bayan abin da ya yi wa Uriya, labari ya ba shi na wani mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Sai da sarki ya husata ya yanke wa mai arzikin hukunci, kana ya gane kansa ya yanke wa. Da Natan ya soma da zargi kai tsaye, mai yiwuwa da sarki ya nemi hanyar kāre kansa. Labari yakan bi ta ƙofar da wa'azi ya tarar a rufe.

Kuma kada a ɗauka wannan abu baƙo ne a ƙasarmu. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida ɗan Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin. A dubi waɗannan sunaye da kyau. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ɗaya kuma ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ƙaga labari bai hana su zama mutanen kirki masu riƙe manyan al'amura ba. Har labarin kimiyya ma muna da namu, domin a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da wata halitta ta ɗauka zuwa sararin samaniya.

Tun da mun taɓo labaran kimiyya, bari in faɗi daɗin da ke cikinsu. Jules Verne, mutumin Faransa, ya rubuta labari a 1865 na wasu mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka. Shekara 104 bayan haka, a watan Yuli na 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida ɗin, ɗauke da mutum uku. Verne bai yi duba ba, lissafi ya yi da ilmin zamaninsa, kuma ya yi kure a wasu wurare, gama shi da ƙatuwar igwa ya harba mutanensa, abin da zai niƙe duk wanda ke ciki. To, wannan shi ne daɗin abin: kana karatu kana gardama da marubuci, kana tambayar kanka ko wannan zai yiwu. Yaron da ya soma irin wannan tambaya ya riga ya sa ƙafa a ajin kimiyya tun kafin malami ya shigo.

Shi dai wannan Verne, a littafinsa na 1863 mai suna Five Weeks in a Balloon, ya ɗora Turawa uku a cikin kwandon wani ƙaton balan-balan suka tashi daga Zanzibar, suka bi ta kan Kukawa da Tafkin Chadi da Tumbuktu har suka kai Sanagal. Bai taɓa zuwa waɗannan wurare ba, ya dogara ne da rahoton matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851. Duk ɗan Arewa da ya karanta zai ji wani iri ganin sunayen garuruwan da ya sani, zai kuma ji haushin yadda aka siffanta baƙar fata da raini. Wannan haushi ma ilmi ne. Yaro ya ga da idonsa yadda Turawan wancan ƙarni suke kallonmu kafin su zo, ya kuma koyi cewa ba duk abin da aka buga a takarda ake haɗiyewa ba.

H. G. Wells na Ingila ya juya wannan madubi. A littafinsa The War of the Worlds na 1898, wasu halittu daga duniyar Mars suka sauka kusa da Landan da makaman da babu mai iya tare su, suka mai da Ingilishi abin farauta a ƙasarsu. Tun a babin farko ya tuna wa mutanensa yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya, domin su ɗanɗana yadda ake ji idan mai ƙarfi ya faɗo maka daga inda ba ka zata ba. Shekara biyar kacal bayan fitowar littafin, watau a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. A ƙarshen labarin kuwa, bayan sojoji da manyan bindigogi sun kāsa, ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani su ne suka kashe maharan. Ina ne yaro zai sami darasin tarihi da na tawali'u a haɗe haka, kuma yana ɗokin juya shafi?

Akwai kuma Mary Shelley, wadda ta soma rubuta Frankenstein tana 'yar shekara 18, aka buga a 1818. Wani ɗalibin kimiyya ne ya haɗa halitta ya sa mata rai, da ya ga muninta sai ya gudu ya bar ta, kaɗaici da ƙiyayyar mutane suka mai da ita mai kisa. Tambayar littafin ita ce, wane nauyi ne ke kan mutum game da abin da hannunsa ya ƙera? Tun daga ƙarshen 2022, da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka shiga wayoyin jama'a, manyan masana da gwamnatoci suke ta kokawa da wannan tambaya. Wanda ya karanta littafin yarinyar nan bai tarar da muhawarar a matsayin baƙo ba.

Na biyu, batun tsafi, wanda shi ne ya fi tayar wa iyaye hankali, kuma ba zan raina wannan tsoro ba. Mun san ɓarnar da bokaye da masu asiri suke yi a tsakaninmu. Sai dai kafin a yanke wa littafi hukunci saboda an ga mai sihiri a ciki, ya kamata a tambaya: me labarin yake yi da sihirin nan? Yana kwaɗaita wa yaro neman iko a kan mutane ne, ko yana nuna masa haɗarinsa?

Ɗauki The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955. Duk labarin a kan wani zobe ne mai ba da iko marar iyaka, wanda kuma yake cinye zuciyar duk mai riƙe da shi. Masu hikima na cikin labarin, da aka miƙa musu zoben, ƙi suka yi, domin sun san ko da niyyar alheri suka karɓa, ƙarshenta azzalumai za su zama. Sai aka ɗora wa wani ɗan ƙaramin taliki mai suna Frodo, wanda ba jarumi ba ne, nauyin kai shi inda za a hallaka shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen tafiyar. Da Frodo ya kai bakin wutar dutsen, ƙarfinsa ya ƙare, ya ce zoben nasa ne. Abin da ya ceci duniya shi ne wani abin tausayi mai suna Gollum, wanda tun da farko aka sami damar kashe shi amma aka ji tausayinsa aka ƙyale shi. Shi ya fizge zoben ya faɗa wuta da shi. Watau jinƙan da aka yi tun da daɗewa, wanda wasu suka ɗauka wauta ce, shi ya yi aikin da jaruntaka ta kāsa. Tolkien ya yi yaƙin duniya na farko, yana fagen daga a Faransa a 1916, ya kuma rasa aminansa a can. Ya san abin da son iko yake yi wa duniya.

Abokinsa C. S. Lewis, wanda suka koyar tare a jami'ar Oxford, ya rubuta littattafai bakwai na ƙasar Narnia tsakanin 1950 da 1956. A na farkonsu, wani yaro mai suna Edmund ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewar da wata mayya ta ba shi, sai zaki Aslan ya ba da ransa a madadinsa. Ba sai na fassara wa masu karanta wannan shafi abin da Lewis yake nufi ba. Shi da Tolkien duka masu bi ne, har ma hirar da suka yi a 1931 tana cikin abubuwan da suka komo da Lewis ga bangaskiya. Idan uba ya ga kalmar mayya a bangon wannan littafi ya jefa shi wuta, me ya ƙona ke nan?

Ba ina cewa kowane littafi mai kyau ne ba. Akwai na batsa, akwai masu ɗaukaka zub da jini, akwai waɗanda suka fi ƙarfin shekarun yaro. Maganin wannan shi ne uba ko uwa su karɓi littafin su karanta, ko su sa wani amintacce ya duba, sa'an nan a zauna da yaron a yi hira. Hani ba tare da dalili ba yakan koya wa yaro ɓoyo ne kawai, kuma abin da aka karanta a ɓoye babu mai gyara fahimtarsa.

Su kuwa tsofaffin littattafan hikaya, babban abin da na gani a cikinsu shi ne suna girma tare da mai karatu. Misali, Les Misérables na Victor Hugo, wanda aka buga a Faransa a 1862. Jean Valjean ya saci burodi domin 'ya'yan 'yar'uwarsa masu jin yunwa, da wannan da yunƙurin tserewa ya shafe shekara 19 a kurkuku. Da ya fito kowa ya rufe masa ƙofa, sai wani tsohon bishop ya ba shi abinci da wurin kwana. Da tsakar dare ya kwashe kayan azurfa na gidan ya gudu. Da 'yan sanda suka kamo shi suka dawo da shi, bishop ya ce ai kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da alkukai biyu na azurfa. Wannan alheri ne ya sāke rayuwar mutumin gaba ɗaya. Amma akwai wani ɗan sanda mai suna Javert, wanda bai san kome ba sai doka, ya yi ta bin sawunsa shekara da shekaru. Da rana ta zo da ran Javert ya shiga hannun Valjean, sai ya sake shi. Javert ya kāsa ɗaukar nauyin wannan gafara, ya faɗa kogin Seine.

Matashi idan ya karanta wannan, hankalinsa yana kan tsere da ɓuya, ko za a kama Valjean ko ba za a kama shi ba. Magidanci mai 'ya'ya zai tsaya a kan yunwar da ta sa aka saci burodin, da wahalar riƙon marainiya. Dattijo kuwa, wanda ya ga duniya, Javert ne zai tsaya masa a rai, domin ya san mutane da yawa masu gaskiya da tsantseni waɗanda ba su iya yafewa ba, ba su kuma iya karɓar yafiya ba. Littafin bai canja ko harafi ɗaya ba, mai karatun ne ya zo masa da wata zuciya dabam. Abu kaɗan ne a duniya da mutum zai ji daɗinsa yana ɗan shekara 15, ya kuma fi jin daɗinsa yana ɗan 65.

Haka kuma Charles Dickens. A 1824 aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka kai shi aiki a wata masana'antar man goge takalmi a Landan. Shi ya sa da ya rubuta labarin maraya Oliver Twist, wanda aka hukunta don ya roƙi ƙarin kunu, sai da zukatan masu hali na Ingila suka girgiza. Wanda ya yi kuka saboda Oliver da wuya ya wuce yaro mai bara a bakin tasha bai ji kome ba.

Na uku, batun ɓata lokaci. A nan ne nake ganin hasarar ta fi girma. Yaron da aka koya wa cewa karatu na cin jarrabawa ne kaɗai, ranar da ya rubuta takardarsa ta ƙarshe ranar zai yi sallama da littafi. Muna ganin irinsu, masu manyan takardun shaida waɗanda shafi biyu yakan gagare su. Shi kuwa wanda ya ɗanɗana zaƙin labari, ya saba da zama awa biyu wuri ɗaya hankalinsa na kan takarda, kalmomi suna taruwa masa ba tare da ya yi hadda ba. Wannan juriya ita ce zai kai wa littafin lissafi, ita ce zai kai wa takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu, ita ce kuma zai kai wa Littafi Mai Tsarki, wanda shi ma yana bukatar mai iya bin dogon zance daga farko zuwa ƙarshe.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, idan muka ƙwace littafin, me zai maye gurbinsa? A zamanin nan waya ce, da gajerun bidiyo marasa iyaka. Ray Bradbury na Amurka ya hango wannan a littafinsa Fahrenheit 451 na 1953, labarin ƙasar da aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙona littattafai. Abin tsoro a labarin shi ne, tun kafin hukuma ta sa doka, jama'a da kansu suka daina karatu, suka koma kallon manyan allunan talabijin da suka rufe bangon ɗaki, da ɗan abin sauraro a cikin kunne. Duk wanda ya shiga motar haya a yau ya dubi fasinjoji zai tuna da wannan.

To, me za mu yi? Shawarata ta farko ga iyaye ce: a yi wa yaro tsari, lokacin aikin makaranta dabam, lokacin labari dabam, a kuma riƙa tambayarsa abin da ya karanta. Ta biyu ga shugabannin ikkilisiya da na matasa da zumuntar mata: kabad ɗaya mai makulli da littafin rubuta sunan masu aro sun isa a soma ɗakin karatu. A gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata akwai akwatunan littattafai da gara ke ci, a roƙa a kawo. Waɗanda ke da waya mai intanet su sani cewa shirin Project Gutenberg, wanda aka kafa tun 1971, yana da littattafai fiye da 70,000 kyauta, har da na Verne da Wells da Dickens da Hugo.

Ta uku ga matasanmu masu ilmi ce. Yawancin littattafan da na ambata da Turanci ake samunsu, alhali jama'armu da yawa da Hausa suka fi sakewa. Bala Abdullahi Funtuwa ya nuna hanya da ya mai da Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Ina masu bin sawunsa? Ina kuma magadan Umaru Dembo? Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci lambar Hugo ta labaran kimiyya a 2016 da littafinta Binti. Babu abin da zai hana yaron da ke zaune a benci na baya a majami'armu ya rubuta irin wannan da Hausa, in dai ba a fizge littafin daga hannunsa tun yana ƙarami ba.

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu, ya kuma sa albarka a karatunsu, amin.